Ku Tambayi Bakanike: Hilux ɗina ta mutu a hanya, ya zan ɗauko ta a kan tirela?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a. Dan Allah shawara nake nema da gaggawa. A-kori-kurata ce Hilux mai ƙofa huɗu, otomatik ce, injin ya buga min a hanya kusan kilomita 200 daga gida, na baro ta a harabar wani gidan mai kuma yanzu ance min batir ɗin ma ya mutu ko fitilar dashbod bata kawowa. Wani abokina ya ara min ƙaramar tirela mai falat bodi irin wadda ake maƙalawa a bayan mota, taya huɗu gareta, akwai wani ɗan ƙarfe a jikinta an rubuta 3,000 kg, kuma yayana yace zai jawo min da tashi Hilux ɗin. Toh sai bakanikena yake cewa wai wahala kawai zan ɗora wa kaina, a samu igiya mai kauri a ɗaura a jawo ta a hankali shikenan, ni kuma raina bai kwanta ba. Wanne yafi? In tirelar ce ya za'a yi a hau da ita tunda bata tashi, kuma a ina ake ɗaurewa? Na gode, Allah ya ƙara basira.

Daga wani mai karatu

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba ya mayar maka da alheri. Gara da ranka bai kwanta ba, maganar igiya dai ka ajiye ta gefe. Giyabos na otomatik akwai famfo a cikinsa da yake zagaya da mai, kuma injin ne yake juya famfon nan, toh in injin baya aiki tayoyin baya kuma suna gudu a titi, farfela zata dinga juya kayan cikin giyabos ɗin babu mai yana zagayawa, kafin ku iso gida ka haɗa gyara biyu, ga inji ga giyabos. Nasan bakanikenka zai ce ai sai a kwance farfela, eh gaskiya ne hakan ya ceci giyabos, amma birkin fa? In injin ya mutu taku ɗaya ko biyu ne ya rage maka da birki mai laushi, daga nan feda ta zama dutse, sitiyari ma yayi nauyi, ace a haka mutum zai zauna a bayan wata mota tsakaninsu igiya taku biyar har kilomita 200 da gangara da kwana da masu shigowa gaba ba sigina, haba. Igiya ta fitar da mota daga tsakiyar titi zuwa gefe ce kawai.

Amma tirelar ma ba'a ce ka rufe ido ka ɗora ba, lissafi ne farko. Wannan 3,000 ɗin da ka gani, mutane da yawa suna ɗauka shine nauyin kayan da zata ɗauka, alhali yawanci jimla ce, wato ita kanta tirelar da abinda ke kanta gaba ɗaya. Tirela irin wannan mai aksul biyu ita kaɗai tana iya kai kilo 700 zuwa 1,000 ya danganta da ƙarfen da aka yi ta dashi, muce 800 ce, kaga saura 2,200. Hilux mai ƙofa huɗu kuwa ba komai a cikinta tana wajen tan 2 ko sama da haka kaɗan, ka ƙara man da ke tanki da safaya da jak da tarkacen da kowa yake tarawa a bayan a-kori-kura, kaga ka zo daf da iyaka kenan. Zata ɗauka, amma sai ka kwashe duk wani kaya da ke bayanta da cikinta, kuma ka sake karanta ƙarfen nan da kyau ko an rubuta nauyin tirelar ita kaɗai a ƙasa. In ka tarar tafi 900 toh gaskiya ni bazan ce ka ɗora ba, ka nemi wadda ta fita ko ka kira janwe. Ka tafi da tef ma ka auna, motarka tsawonta ya ɗan haura mita 5, faɗinta kusan mita 1.9, daga tayar gaba zuwa ta baya mita 3 da ɗan wani abu, kar kuje can ku tarar bata shiga tsakanin madigadin tirelar.

Sai motar yayanka. Sababbin Hilux akwai waɗanda kamfanin Toyota ya basu har kilo 3,500 na ja, tsofaffin basu kai haka ba, ya duba littafin motarsa. Kuma wannan adadin da sharaɗi ne, sai in tirelar tana da birkin kanta. In bata da birki, kilo 750 ne iyakar da akasarin kamfanoni suke rubutawa, wanda ko tirelar ba kaya ta kusa cinye shi ko ma ta wuce shi. Wannan ba ƙa'idar takarda bace kawai, mota mai tan 2 ce zata tsayar da kanta kuma ta tsayar da kusan tan 3 da ke turo ta daga baya, birkinta ba don haka aka yi shi ba. Saboda haka tambayar farko da zaka yi wa abokinka itace birkin tirelar yana aiki? Ku gwada shi kafin ku bar gida. Ku duba ƙwallon maƙalawa kuma, wato dunƙulen ƙarfen nan na bayan mota da bakin tirela yake zama a kai, akwai mai milimita 50 akwai mai inci 2 akwai mai inci 2 da 5/16, in bakin tirelar yafi ƙwallon girma zai zauna kamar ya kama amma gargada ɗaya zata fitar dashi. Sarƙoƙin nan guda biyu na kariya a gicciya su ta ƙarƙashin wuyan tirelar kafin a maƙala a jikin mota, don in ta kuɓuce wuyan ya faɗa kansu kar ya caki kwalta.

Yanzu hawa, kuma anan ne aka fi jin ciwo wallahi, ba a kan titi ba. Abu na farko ka tafi da batir mai kyau ko da na aro ne. Zaka ce injin da ya buga me zai yi da batir, toh ba don tayarwa bane, otomatik bata yarda ta fita daga P sai da wuta, sannan gilas ɗin ƙofa na lantarki ne kuma zaka buƙaci a sauke shi, zan faɗa maka dalili. In ba'a samu batir ba akwai wani ɗan murfi kusa da sandar giya, ka ɓalle shi ka danna abin ciki da sukundireba ko mukulli, giyar zata saki ka kaita N. Mukulli kuma a murɗa shi taki ɗaya a barshi a haka don kar sitiyari ya kulle ana tsakiyar hawa.

Ku samu waje mai tauri wanda ya daidaita, tirela da motar da ta mutu su miƙe sambal a layi ɗaya. Tirelar dole tana maƙale a jikin motar yayanka, kar wanda yace a cire ta wai don a samu sauƙi, da zarar tayar gaba ta taka bayanta wuyan zai tashi sama. Kuma ko tana maƙale akwai abinda mutane basa lura dashi, lokacin da nauyi ya danne bayan tirela, gabanta yana ɗaga bayan motar da ke ja, hambirki kuwa tayoyin baya kaɗai yake riƙewa, P ɗin ma haka, toh in tayoyin bayan nan suka yi sama ko da kaɗan ne babu abinda ke riƙe da komai, motar da tirelar da wadda ake ɗorawa duk sai su gangara tare ana kallo. Maganinsa mai sauƙi ne, a sa waigi a tayoyin gaba na motar yayanka gaba da baya, a sa a tayoyin tirelar, sannan a tokare ƙarshen tirelar ta ƙasa da jak ko katako mai kauri ta kowane gefe. Ƙarafan hawan nan guda biyu a tabbatar sun shiga mazauninsu an sa musu fil, in tudun yayi tsaye da yawa a shimfiɗa katako a ƙarƙashinsu ya ƙara musu tsawo.

Kar ku tara samari a ce a turo ta da gudu ta haye, na roƙe ka. In ta haye da gudu babu birkin da zai tsayar da ita sai bayan motar yayanka, in kuma ta kai rabi ƙarfinsu ya ƙare kansu zata dawo. Winci ake sawa, wato na'urar nan mai naɗe wayar ƙarfe tana jawo kaya, in tirelar bata dashi ka nemi cembulok ko irin na hannu mai sanda da ake ja ƙwas ƙwas. Ba wani ƙarfi na fitar hankali ake buƙata ba in tayoyi huɗun suna juyawa, a tudu mai digiri 15 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin motar ne yake dawowa kan waya, wato wajen kilo 550 zuwa 600 ga motarka, mai ƙarfin tan 2 ya isa har da sauran. Shi yasa zaka fara duba iskar tayoyinta, taya ɗaya in tayi faci ko birki ya kama ta, nauyin jan sai ya ninka. Ƙugiyar a maƙala ta a zoben ja da ke jikin shasi ta ƙasan gaba, banda bamba, banda tairod, banda ƙarfen da ke riƙe da lagireto. A jefa tsohon bargo ko tabarmar mota a tsakiyar wayar don in ta tsinke ta faɗi ƙasa kar ta yi bulala, a bar aƙalla zagaye 5 na waya a jikin gangar wincin kar a warware ta duka, mai riƙe waya ya sa safar hannu. Mutum ɗaya a sitiyari, ɗaya a winci, ɗaya yana tafiya a gefe da waigi a hannu yana bin tayar baya, duk inda aka tsaya ya cusa. A gefe nace, bayan motar nan kar a bar kowa ya tsaya har yaran da ke zuwa kallo, haka tsakanin tirela da motar da ke ja. Kuma baki ɗaya ne zai dinga bada umarni, in kowa yana ihun dama hagu tsaya taho, anan taya take zamewa daga kan ƙarfe.

Batun gilas da nace, in ta gama hawa sau da yawa ƙofar direba bata buɗuwa saboda madigadin tirelar ya tokare ta, ta taga wanda ke ciki zai fito.

Inda zata tsaya a kan tirelar kuwa shine zuciyar maganar gaba ɗaya, in ka manta komai kar ka manta wannan. Da gaba zata hau, injin yana wajen motar da ke ja, saboda a-kori-kura in ba kaya gabanta yafi bayanta nauyi nesa ba kusa ba. Abinda ake so kusan kashi 60 cikin 100 na nauyi ya kasance gaban aksul ɗin tirelar, ta yanda wuyan zai danna ƙwallon da kyau. A Amurka abinda suke koyarwa kashi 10 zuwa 15 na jimlar nauyin tirela ya sauka akan ƙwallo, a naka lissafin wajen kilo 300 kenan, amma ka duba abinda aka rubuta a jikin ƙarfen ja na motar yayanka kar ka wuce shi. Ba sikeli zaka samu a bakin hanya ba, don haka ido da tef ne, ka auna tsayin bayan motar yayanka daga ƙasa kafin a ɗora, ana jawowa a hankali kana kallo, bayan ya ɗan zauna, tirelar ta kwanta daidai ba gaba a ƙasa ba ba gaba a sama ba, hancin motar bai ɗaga yana kallon sama ba. In yayi yawa sitiyarin yayanka zai yi sakayau birkin gaba ya rage kamu, in yayi kaɗan kuma tirelar zata fara kaɗa wutsiya, wannan ɗin yafi muni. Taƙi ɗaya gaba ko baya yana canja abin sosai, kar ka ji kunyar cewa a ɗan ƙara a ɗan rage har sai ya zauna.

Ɗauri guda huɗu ne, kowace kusurwa ɗaya, da bel ɗin ɗaure kaya mai ƙarfen matsewa ko sarƙa, igiyar roba ko ta buhu bata cikin lissafi. Ka karanta ɗan ƙyallen da ke jikin bel ɗin, lamba biyu ake rubutawa, ta tsinkewa da ta aiki, ta aikin ce taka kuma yawanci kashi ɗaya cikin uku ce ta waccan, misali mai faɗin santimita 5 da aka saba gani yana tsinkewa a wajen kilo 4,500 amma na aikinsa 1,500 ne. Wanda ya fara zarewa ko rana ta cinye shi ko aka ƙulla shi a tsakiya ka yar. Wajen ɗaurawa ni nafi son ta kan taya ko a zagaye aksul, dalili kuwa jikin mota akan sifirin yake zaune, in ka ɗaure shasi duk ramin da aka faɗa jikin zai yi ƙasa bel ya saki sannan ya dawo da ƙarfi ya fizge shi, a haka ƙugiya take fita. In ka kama taya kuwa motar ta yi ta rawarta a sama ƙafafunta na nan daram. In zaka zagaye aksul na baya ka leƙa da tocila, akwai siririn bututun man birki da yake bi ta jikinsa, bel ɗin ya bi ta ƙarƙashinsa kar ya matse shi, kuma inda zai goga da kaifin ƙarfe a sa masa tsumma ko yankin tsohon tiyub.

Na gaba su ja gaba, na baya su ja baya. Mutane sun fi damuwa da na gaba wai kar mota ta zame ta faɗo, alhali na bayan ne suke aikin ranar wuya. Dokar ɗaure kaya ta Amurka cewa tayi ɗauri ya iya riƙe kashi 80 cikin 100 na nauyin kaya in an taka birki, rabi kuma ta baya da ta gefe, kaga a motarka kusan kilo 1,700 ne zai nufi ƙeyar yayanka in wani abu ya gitta ya take birki da ƙarfi, kuma bel biyun baya ne kaɗai zasu hana. In an gama matsewa sai a ja hambirki a maida giya P, a ɗan sassauta wincin don shi ba abin ɗauri bane, a duba bonet ya kulle da ƙofar baya, a naɗe jelar bel kar ta shiga taya, mukulli a aljihunka.

Hanya ba sai na tsawaita ba. Iska a tayoyin tirela har safayarta, fitilar birki da sigina suna kawowa, ku tafi da rana. Kar yayanka ya wuce 80, a Jamus ma da titinsu yake kamar tafin hannu 80 ne iyakar mai jan tirela sai mai izini na musamman. Ya bar tazara mai yawa, kwana ya buɗe ta, gangara ya sauka da ƙaramar giya kar ya kwanta akan birki. Bayan kilomita 10 ko 15 ku tsaya ku sake matse bel don dole zasu saki, sannan ku ƙara dubawa kafin ku cika kilomita 80, duk tsayawa ka kai bayan hannunka kusa da tsakiyar kowace tayar tirela, in ɗaya tafi sauran zafi sosai boris ne yake ƙonewa ko birki ya kama, kar ku ci gaba. Saukewa kuma da wincin za'a sauke ta a hankali kamar yanda aka hau, da waigin da tokarin duka, kar a sake ta ta gangaro da kanta.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni nawa ya riga ya faru tambaya nake don gaba. Na ɗauko wata tsohuwar a-kori-kura da ƙafar gabanta ta karye, dole ta baya muka jawo ta kan tirela, ina kaiwa wajen 70 sai tirelar ta fara jifa da ni dama da hagu kamar zata kifar da mu, na taka birki abin ya ƙaru, Allah ne kawai ya tsare. Tirelar ce bata da kyau ko me?

Daga wani direba

AMSA: Alhamdu lillahi da aka tsira, sannu. Tirelar lafiyarta ƙalau inaga, injin ne ya koma bayan aksul, wuyan yayi sakayau, shine ta samu damar kaɗawa, kuma abin da gudu yake tafiya, a 40 ba zaka ji komai ba sai ka kai wani mataki ya taso gaba ɗaya. Birkin da ka taka ya ƙara mata ne saboda motarka ta rage gudu ita kuma tana turowa ta gefe. In ya sake faruwa ka cire ƙafa daga totur a hankali, ka riƙe sitiyari a miƙe da hannu biyu kar ka ce zaka bi ta kana gyarawa, in tirelar mai birkin lantarki ce akwai ɗan abin matsawa a kusa da kai wanda yake kama nata birkin ita kaɗai, shi zaka matsa ya miƙar da ita. Masu cewa a ƙara wuta wai zata miƙe kar ka saurare su. In ta lafa ka sauka gefe ka gyara zaman kayan, kar ka ci gaba a haka kana addu'a kawai.

In dole ce ta sa sai ta baya zata hau, toh a jawo ta can gaba iyakar inda zata iya zuwa har injin ya zo kan aksul ko kusa, safaya da duk wani abu mai nauyi a ɗaure shi a bodinta tunda yanzu shine a gaba, a ɗaure sitiyari, a ƙara wa bonet igiya, in tana da rumfa ko tamfol a baya a cire saboda iska ta inda ba'a saba ba zata dinga shigarta. Amma da ni ne, jak mai taya zan sa a ƙarƙashin ƙafar da ta karye ko faranti na ƙarfe da aka shafa wa giris in jawo ta da gaba. Haka in motar an cire mata inji, lissafin ya canja, sai ka bi ta tef ɗin nan da na faɗa wa ɗan'uwanmu a sama.

TAMBAYA: Salam Malam, motar maigidana ce za'a ɗauko a kan tirela shi baya gari, masu ɗaukowar suka ce ɗana ya zauna a cikinta a sama tunda gaban tasu motar ba waje, wai ya dinga taka birki ma in an zo gangara. Ya halatta?

Daga wata uwa

AMSA: Wa alaikis salam Hajiya, a'a kar ki yarda ko kusa. Birkin motar da ke sama tayoyinta kawai yake kamawa, su kuma akan tirela suke a tsaye, ba abinda zai rage na gudu ko ya taka da ƙafa biyu. In kuma tirelar ta kuɓuce ko ta kife yana ciki ba inda zashi, jakar iskar nan ma bazata buɗe ba tunda motar a kashe take, ƙasashe da yawa sun hana ɗaukar mutum akan tirela tana tafiya saboda haka. Ya biyo su a wata motar. Kafin su tashi ya ɗauki hoton motar ta kowane gefe da waya, ya kwashe takardu da kayan cikinta, ya ƙirga ɗaurin da idonsa ya ga huɗu ne, biyu gaba biyu baya. In sun ce biyu sun isa tunda tafiyar ba nisa, yace a ƙara.